Wa Ke Fara Jin Ɗuriyar Annoba a Nyanya?

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasu za su yi mamakin ganin maganar asibiti da annoba a wannan mujalla tamu, wadda muka saba cika ta da waƙoƙi da gajerun labarai da muhawara a kan ƙa'idojin rubutu. Wani ma zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya biyo ni zuwa Nyanya, inda na tashi, domin a ganina aikin gano ɓarkewar cuta tun ba ta yi ƙarfi ba, rabinsa aikin harshe ne, kuma wannan rabin an bar shi babu mai kula da shi.

Ni dai ba Bahaushiya ba ce. Harshen gidanmu Gbagyi ne, wanda Hausawa ke kira Gwari. Hausata a titi na tsince ta, a bakin masu ruwa da mahauta da matan maƙwabta, kafin in zo jami'a malamai su yi ta fama da ni a kan jinsi da tsawon wasali. Ga wanda bai san Nyanya ba, gari ne da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, kuma daga shi sai Mararaba ta Jihar Nasarawa. An fara cika shi ne da ma'aikata da leburorin da suka gina babban birnin tarayya, shi ya sa har yau ake kiran sassansa da haruffa, Area A, Area B, har zuwa gaba. Kowace ƙabila ta Nijeriya akwai ta a can. Turancin buroka da Hausa su ne ke haɗa mu, amma in ana maganar ruwa da nama da shayi da dako, Hausa ce ke kan gaba.

A daminar shekarar 2021, a gidan hayar da muke zaune, mai ɗakuna goma sha biyu da bayan gida biyu kacal, gudawa ta kama mutum biyar cikin mako guda. Cikinsu har da ɗan maƙwabciyarmu, yaro ɗan shekara ɗaya da rabi. Uwarsa Bakatsiniya ce, ba ta jin Turanci ko kaɗan, shi kuwa mai kemis ɗin layinmu Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, sai ta ce in raka ta in yi mata tafinta. Da ya tambaye ta abin da ke damun yaron sai ta ce haƙori ne. Ni kuma, da yake a lokacin ban san ciwon kaina ba, sai na juya masa maganar yadda ta faɗa, cewa yaro na fitar da haƙori. Ya ba ta ƙullin gishiri da sukari da wani maganin ruwa. Muna juyawa sai na ji yana cewa yaronsa, daga safe zuwa yanzu mu ne na tara da suka sayi wannan ƙullin, kuma duk 'yan layin nan ne. Da yamma na ji mai ruwanmu, wanda a Kano za a kira ɗan garuwa, yana faɗa wa ɗan'uwansa cewa shi ya daina ɗiba a wata rijiyar burtsatse da ke gefen kwata, domin tun da aka yi ruwan nan mai yawa ɗanɗanonta ya canza. Kwana biyu bayan haka jikin yaron ya saki, idanunsa suka faɗa, aka ɗauke shi zuwa asibiti, ya cika a hanya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Da shekara ta ƙare, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta fitar da lissafinta: mutum 111,062 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Nijeriya a 2021, kuma 3,604 sun mutu. Na daɗe ina kallon waɗannan alƙaluma. Ko kwalara ce ta ɗauke yaron nan ko wata gudawar ce daban, ba ya cikin wannan lissafi, domin babu wanda ya ɗauki bahayarsa ya gwada, babu wanda ya rubuta sunan layinmu a takarda. Mai kemis ya san an yi tara, mai ruwa ya san rijiyar, ni na ji su duka biyun, amma maganar ba ta bar bakin layi ba. Ita kuwa hedikwatar hukumar tana Jabi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in babu cunkoso a gangaren Kugbo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa babu tsari. Akwai shi, kuma a takarda tsari ne mai kyau. Tarihinsa ya faro ne daga annobar zazzaɓin shawara ta 1986 zuwa 1987, wadda ta yi ɓarna sosai kafin hukuma ta farga. A 1988 aka kafa tsarin sa ido da kai rahoton cututtuka. A 1998 ƙasashen Afirka da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da haɗa sa idon cututtuka daban-daban a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Nijeriya ta rungumi wannan a 2001. Ita NCDC an kafa ta a 2011, aka sa hannu a dokarta a Nuwambar 2018. Yadda abin yake tafiya shi ne, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido. Asibitoci da dakunan shan magani suna cike masa takardu iri uku: ta gaggawa, wadda ake aikawa cikin awa 24 in an ga ko da mutum ɗaya da ake zargi da cuta irin Lassa ko shawara ko kwalara, ta mako-mako, da ta wata-wata. Shi kuma ya tura wa jami'in jiha, na jiha ya tura Abuja. In ana buƙatar gwaji a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, babbansu yana Gaduwa a nan Abuja. Bayan Ebola ta 2014 aka ƙirƙiro manhajar SORMAS tare da wata cibiyar bincike ta Jamus, domin rahoton da a da yake kwana a jakar jami'i yana jiran kuɗin mota, yanzu ya tafi ta waya nan take.

Akwai kuma ma'auni, wanda shi ne ya fi burge ni. Ba kowane ƙarin marasa lafiya ba ne annoba. Alal misali, a sanƙarau, in a yanki aka samu masu alamun cutar 3 cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, an kai matakin gargaɗi. In sun kai 10, annoba ta tabbata. A 2021 kuma masana suka fito da wani ma'auni mai sauƙin haddacewa, 7-1-7: a gano cuta cikin kwana bakwai da ɓullarta, a kai rahoto cikin kwana ɗaya, a kammala matakan farko cikin kwana bakwai.

To, ina gizo ke saƙar? Duk wannan gini a kan harsashi ɗaya yake tsaye, wato a ce marar lafiya ya je asibiti, kuma wanda ya duba shi ya gane abin da ya faɗa. A Nyanya kuwa, kamar sauran wurare, asibiti shi ne zango na ƙarshe. Ana farawa da abin da ke cikin ɗaki, sai kemis, sai mai maganin gargajiya ko wanzami ko wurin addu'a, sai in abu ya gagara a nemi mota. Kwana bakwai ɗin farko na wancan ma'auni a wajen asibiti suke ƙarewa. Wanda ke zaune yana jiran takardar mako-mako, sau da yawa ihu bayan hari yake ji.

Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba, tarihin 'yan shekarun nan ya nuna. A Afrilun 2020, lokacin korona, su wa suka fara cewa mace-mace sun yi yawa a birnin Kano? Masu haƙa kabari ne. Su suka ce kaburburan da suke haƙawa a rana sun ninka na da, 'yan jarida suka ɗauka. Da farko hukumomin jiha sun danganta abin da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Da aka tura tawaga daga Abuja, babu gawar da za a gwada, an riga an binne. Sai aka koma ga wata dabara ta bin gida-gida ana tambayar iyalan mamaci: yaya ciwon ya faro, ya yi tari, numfashinsa ya sarƙe, kwana nawa ya yi? A Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sila. Ina so 'yan'uwana su tsaya a nan su duba. Wannan bincike gaba ɗayansa hira ce, kuma da Hausa aka yi ta, da mata masu takaba da 'ya'yan da ke zaman makoki. In mai tambaya bai san bambancin "numfashinsa na sama-sama" da "ƙirjinsa ya riƙe" da "haki yake yi" ba, ko bai san yadda ake shiga gidan rasuwa a yi gaisuwa kafin a ciro biro ba, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

Na Zamfara ya fi wannan ban tausayi. A farkon 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, suna amai suna jijjiga. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen neman sanƙarau ne suka lura a watan Maris. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake daka su a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka mutu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an samu kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Daga baya mutanen yankin suka ce ai sun lura agwagi sun yi ta ƙarewa tun kafin yaran su fara. Agwagi! Babu gurbin agwagwa a takardar mako-mako, amma da akwai mai zama a majalisar ƙofar gida yana saurare, da wataƙila ya ji. A wannan jiha dai, sanƙarau ya ɓulla a Disambar 2016, amma sanarwar jiha ba ta isa NCDC ba sai ranar 16 ga Fabrairun 2017. Kafin annobar ta lafa a tsakiyar shekara, an lissafa mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 sun mutu.

Masana harkar sun san wannan giɓi, shi ya sa suka ƙara wata hanya, wadda ba ta jiran asibiti, sai dai ta bi labari da jita-jita da abin da ya saɓa wa al'ada. A tsarin ma akwai littafi na musamman da ake rubuta jita-jita a ciki domin a bi a tantance. NCDC tana da lambar kira kyauta, 6232, tana kuma da wata manhaja mai tsintar labaran cututtuka a intanet da aka raɗa wa suna Tatafo, wato magulmaci a Turancin buroka. Sunan ya dace. Sai dai gulmar Nyanya ba a intanet ake yin ta ba. A bakin famfo ake yi, da teburin mai shayi, da cikin motar haya a cunkoson safe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye, wato kalmomi. Takardun rahoto da Turanci suke, kuma kowace cuta an yanka mata ma'ana tsaf. Hausar marar lafiya kuwa ba haka take yanka ciwo ba. Ɗauki kalmar shawara. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, shawara ce. Mai ciwon hanta, shawara ce. Zazzaɓin da sauro ke kawowa, wanda ya sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017 bayan shekaru ba a ji shi ba, shi ma shawara ne. Biyun farko ba sa sa jami'i ya bar abincinsa ya fito, na uku kuwa mutum ɗaya ya isa a tashi tawaga. Ɗauki ƙyanda: wata uwar ba za ta ambaci sunan ba sam, sai ta ce baƙon dauro, kuma da yawa suna ganin ba a kai mai baƙon dauro asibiti, a ɗaka ake jinyarsa. Ma'aikaciyar da ta zo daga kudu ta koyi "ƙyanda" a takardar horo, in ta ji "baƙo ne ya sauka" sai ta yi wa gidan barka. Shan inna kuwa sunansa ma ya riga ya faɗi inda za a kai yaro, domin in Inna ce ta sha ƙafa, ai ba likita za a nema ba. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, har ya taɓa Dei-Dei a nan Abuja a 2023, sau nawa aka ɗauke shi a matsayin ciwon wuya ko hangum ko beli, aka kai yaro wurin wanzami? Sai kuma haƙori, wanda ya rufe mini ido a gaban mai kemis. Maƙwabciyata ba ƙarya ta yi ba. Ta faɗi sanadin ciwon ne yadda ta fahimce shi. Ni ce na yi fassarar kalma da kalma, alhali abin da ya kamata in yi shi ne in tambaye ta sau nawa ya yi zawon, yaya kalarsa, yana shan nono ko ya ƙi. Malaminmu na fassara yakan ce mai fassara ma'ana yake ɗauka ba kalma ba. Ni sai da na ga an fita da gawa sannan na gane darasin.

A Nyanya abin ya ƙara cakuɗewa, saboda yawancin masu Hausar irina ne, waɗanda ba a nono suka sha ta ba. Bagwari da Ba'igale da mutumin kudancin Kaduna da Bafulatani da ɗan Nijar, kowa da irin tasa. Wani duk ciwon da ya taɓa ciki "ciwon ciki" ne a wurinsa, babu atini, babu zawo, babu murɗa. Duk zafin jiki kuma "maleriya da taifot". Zazzaɓin Lassa kuwa a kwanakinsa na farko ba shi da wata kama da ta bambanta shi da waɗannan biyun, sai an lura cewa an sha magani ya ƙi sauka. Saboda haka jimlar da ya kamata kunne ya kama ita ce "na sha magani har sau biyu bai sake ni ba". Wannan fagen walwalar harshe ne tsantsa, kuma ya fi ƙarfin a bar wa likita shi kaɗai.

Akwai wata matsalar da Nyanya ta keɓanta da ita, wato iyaka. Wanda ya tsaya a kan titi ba zai iya nuna inda Nyanya ta ƙare Mararaba ta fara ba in ba don allo ba. Dubban mutane suna kwana a Mararaba da Ado da Masaka, su wuni a cikin birni, su bi ta Nyanya safe da yamma. Amma a takarda ƙasa biyu ce. Rahoton wannan gefe yana bi ta ƙaramar hukumar birni zuwa sashen lafiya na babban birnin tarayya, na wancan gefe kuma ya bi ta ƙaramar hukumar Karu zuwa Lafiya, hedikwatar Nasarawa. A ce rijiya ɗaya ta gurɓata a Mararaba, mutum shida suka kamu, uku suka je asibiti a can, uku suka tsallako nan. Kowane jami'i uku yake gani, kuma uku ba su cika tayar da hankali ba. Sai in sun yi magana da juna shida za ta bayyana. Ga kuma rikicin sunaye: akwai Karu ta Abuja, akwai Karu ta Nasarawa, akwai Nyanya, akwai Nyanya Gwandara, akwai Sabuwar Nyanya can gaba da Ado. Magatakardan asibiti da ya rubuta "Karu" kawai a gurbin adireshi ya ɓatar da sawu.

Shi kansa adireshin abin dubawa ne. Ana yawan ba da labarin likitan nan na Ingila, John Snow, wanda a 1854 ya zana taswirar gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, ya ga duk sun kewaye famfo ɗaya, aka cire hannun famfon. Amma shi ya samu sunan titi da lambar gida da rajistar mamata. Mu adireshinmu shi ne "bayan gidan mai, ka wuce mai nika, gida mai jan ƙyaure". Wanda zai mayar da wannan kwatance ya zama ɗigo a taswira, dole ya ji harshen, ya kuma san layin.

Na san za a yi mini gardama, kuma gardamar tana da ƙarfi. Za a ce jita-jita ba abin dogaro ba ce. Gaskiya ne. A Agustan 2014 jita-jita ce ta tashi mutane da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha wai maganin Ebola, har aka rasa rayuka. In aka ce kowace magana ta bakin famfo sai an tura mota, man fetur zai ƙare kafin annobar gaske ta zo. Amsata ita ce, ba cewa nake a gaskata jita-jita ba, cewa nake a ji ta, a rubuta, a tantance. Ruwa ba ya tsami banza. Ko ƙaryar ma tana da amfani ga ma'aikacin lafiya, domin tana nuna masa abin da jama'a ke tsoro. Kuma mun ga inda haɗa kunne da gwaji ya yi aiki. A yaƙi da shan inna an jawo masu maganin gargajiya da masu ɗori da ungozoma da masu unguwanni, aka ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya su sanar. Yawancin yaran da aka kawo ba shan inna ba ne, kuma an san haka tun farko. Ana ɗaukar bahaya sau biyu a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri, shi zai raba gardama. Tun 2011 ma aka fara ɗibar ruwan kwatoci a Kano ana neman ƙwayar cutar tun kafin ta kama yaro. Da irin wannan naci aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ma'aikatan da suka goge a wannan yaƙi suna cikin waɗanda suka tare Ebola a Legas a 2014, bayan Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer. An bi sawun mutum 894, an kai ziyarar ido da ido kusan 18,500, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu. Kowace ziyara a cikin waɗannan sallama ce da tambaya da lallashi.

Gardama ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba ta harshe ba ce kaɗai. Mutane suna jin abu su yi shiru da gangan. Mai kemis yana tsoron in ya kira hukuma a zo a duba lasisinsa a rufe shago. Mai rijiya yana tsoron a toshe masa hanyar abinci. Mai gidan haya yana tsoron duba-gari. Talakan gefen Abuja kuwa duk ya san kalmar rusau, kuma ya koyi cewa jawo idon hukuma kan unguwa ba ya ƙarewa da alheri. A bar kaza cikin gashinta, in ji su. Duk tsarin da bai raba mai neman cuta da mai neman laifi ba, shiru zai ci gaba da samu. Dole wanda ya kawo labari ya tabbata cewa abin da zai biyo baya maganin tsabtace ruwa ne da ma'aikatan jinya, kuma a dawo a faɗa masa sakamakon gwajin. Jama'a sun gaji da a zo a ɗebi bayani a tafi ba waiwaye.

To mu ɗaliban Hausa fa? Kowace shekara muna rubuta kundin kammala digiri, kuma mu faɗi gaskiya, wasu batutuwan an tatse su har sun bushe. Me zai hana ɗaya daga cikinmu ya ɗauki rikoda ya zauna a kemis uku a Nyanya da uku a Mararaba, da izinin masu su da na masu zuwa, ya tattara yadda mutane ke faɗin ciwonsu da bakinsu? Wani ya bi ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 ya fitar da sunayen cututtuka, ya gwada su da abin da ake faɗa yau a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Abuja, a ga wanne ya mutu, wanne ya sauya ma'ana. Wani ya zauna da jami'in sa ido su mayar da alamomin cututtukan nan zuwa Hausar da mai ruwa zai riƙe, ba Hausar labaran rediyo ba. Maimakon dogon bayani a kan kwalara, a ce: "In ka ga babba yana zawo kamar ruwan shinkafa, ko mutum biyu a gida ɗaya suna amai da gudawa, kira yau, kada ka bari sai gobe." A naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp, domin da yawa daga masu ruwa ba sa karanta boko, wasu sai ajami. Sashenmu ma zai iya neman a riƙa tura masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta Hausa zuwa ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomi, maimakon a ce kullum sai aji.

Wani abokin karatuna, Bahaushe ɗan asali, ya ce mini wannan aikin 'yan kimiyya ne, mu namu adabi. Ban yarda ba. Na ma fi ganin irina, masu Hausar koyo, muna da abin da za mu kawo, domin mun san inda kalma take zamewa tsakanin baki da kunne, tun da mu ta sha zame wa.

A hutun da ya wuce na koma gida, na biya ta wurin mai kemis ɗin nan. Yana nan, shagon ma ya ƙara girma. Na tuna masa daminar 2021, ya ce bai manta ba, domin ƙullin gishiri da sukari sai da ya ƙare masa ƙarƙaf a makon. Na tambaye shi ko ya san akwai lambar da ake kira kyauta in an ga irin haka. Ya ce bai taɓa ji ba. Na faɗa masa, ya yago bayan kwalin magani ya rubuta 6232, ya liƙa a jikin kanta kusa da inda yake rubuta masu bashi. Har na juya zan tafi sai ya kira ni ya ce, "Sista, in na kira su, sunana za su fara tambaya ko sunan layin?"